Aron Kujera a Gidan Gurza

Samarin da ke taruwa a rumfata a kasuwar Ƙaura, inda nake wasa faifan injin niƙa, suna da ra'ayi a kan komai. In na ce na yi ƙuruciyata a gidan gurza auduga, sai su ce ai wannan ba sana'a ba ce, zuba ta nan ne ta fita ta can. In na ce na ga zamanin ƙungiyar ma'aikata, sai su ce shugaban ƙungiya ya fi kowa hutawa, tunda doka ta hana a kore shi. Duka biyun ba gaskiya ba ne. Ta biyun ma mu kanmu mun taɓa yarda da ita, mu da gemunanmu, har ta kusa raba mutumin da ya fi kowa amfani a gidan da aikinsa.

Aikin farko da aka ba ni shi ne wasa zarto guda. Maigidana Baba Labbo, mai kula da injin, ya miƙo mini magagari da wani tsohon zarto mai tsatsa, ya koma gindin bango ya ci goronsa. Zarton gurza faifai ne mai ƙananan haƙora kewaye da shi. Ana jera su da yawa a kan sandar ƙarfe guda, suna juyawa tsakanin wasu ƙarafa da muke kira haƙarƙari. Haƙori ya fizgi auduga ya wuce da ita, angurya kuwa ba ta iya bi ta tsakanin, sai ta faɗo ƙasa. In haƙori ya dakushe, zai bar auduga jikin angurya, ka sayar da ribarka a farashin abincin shanu. In ya karkace, zai fasa angurya, man da ke cikinta ya ɓata farar auduga, mai saye ya ƙi dilar, wato ƙunshin auduga, gaba ɗaya. Na wuni ina goga, na kai masa ina washe baki. Ya shafa da babban yatsa ya ce, "Wanga zarto kag gyara ko matsehi?" Ya ba ni wani.

Baba Labbo ba ya yabo. In ya ce "ba laihi", ranar ka cancanci tsire. Yakan ɗora bakin sukuddireba a jikin inji ya kara kunne a ƙotar, ya gaya maka wane zarto ne ke gugar haƙarƙari, alhali kai ba ka jin komai sai ƙara. A wurinsa na koyi ɗaure bel, da zuba giris daidai, da gane jiƙaƙƙiyar auduga ta hanyar cusa hannu tsakiyar buhu.

Jiƙaƙƙiyar auduga kuwa ba daga sama take faɗowa ba. Manoma da dillalan da ke kawo mana kaya daga Zurmi da Moriki da Shinkafi mutanen kirki ne, sahun gaba a masallaci, amma da sun hangi sikeli sai tunaninsu ya canza. Wani ya yayyafa ruwa, wani ya barbaɗa yashi. Akwai wani dillali daga Galadi da ya cusa ɗan dutsen niƙa a tsakiyar kaya. Dutsen ya kai ga zarto, ya kakkarya haƙora, tartsatsi ya tashi, auduga ta kama. Da bokiti da jiƙaƙƙun buhuna muka kashe wutar, ni kuma na yi mako ina sauya zarto. Muna cikin gyaran sai ga mutumin ya dawo, ya yi sallama cikin ladabi ya ce, "Don Allah in kun ga wani ɗan dutse cikin kaɗag ga, audugad da nik kawo, na uwar ɗiyana na, tun shekaranjiya taka biɗa tai." Baba Labbo ya ba shi abinsa. Ya ce dutse bai yi laifi ba.

Lokacin da aka ba mu jihar Zamfara, gidan gurzar yana hannun wani attajiri, Alhaji Garba, da manajansa Malam Isuhu, mutum mai sanyin murya wanda zai kore ka yana tambayar lafiyar iyali. Da Gusau ta zama babban birni sai ofisoshi suka matso kusa da mu. Wata rana wani jami'in ƙungiyar ma'aikata ya zo daga can, ya tara mu a gindin tsamiyar bakin ƙofa, ya ce mu kafa reshe. Ya yi dogon bayani, har ya ce doka ta hana mai kamfani korar mutum saboda aikin ƙungiya, don haka wanda muka zaɓa ya yi magana ba tsoro. Ana zafi, mutane na gyangyaɗi. Abin da ya shiga kunnenmu kawai shi ne shugaba ba ya koruwa.

Muka zaɓi Arzika, mai ba inji auduga. Ɗan siririn mutum ne mai tari, don shi ke tsaye inda ƙurar auduga ta fi yawa. Ba shi da faɗa, amma in ya kama magana ba ya saki. Shi ya tsai da inji wuni guda sai da aka raba mana ƙyallen rufe hanci. Shi ya sa aka fara kai wanda inji ya ci wa yatsa asibiti da kuɗin kamfani, maimakon a ba shi haƙuri da sabulu. Alhaji ya harzuƙa, ya ce a sallame shi. Gusau ta aiko da magana, lauyan Alhaji ya ce masa kada ya kuskura. Da idonmu muka ga Alhaji Garba, mutumin da bai taɓa janye magana ba, ya janye. Daga ranar muka ɗauka kujerar shugaba wata irin laya ce, duk wanda ke kanta ƙarfe ba ya kama shi.

To mu a wajenmu, ba a hana aro. Ango na aron riga, manomi na aron shanun huɗa, mai baƙo na aron tabarma. Wanda ya hana, za a tuna masa har ranar jana'izarsa. Saboda haka da tsohon mai gadinmu Hantsi ya yi barci awaki suka shiga suka yi wa tarin angurya ta'adi, Malam Isuhu ya ce ƙarshen wata zai tafi, sai wani ya kawo shawara a gindin tsamiya: a ara wa Hantsi kujera har hadari ya wuce.

Arzika ya ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Kujerag ga ba rigar ango ta ba, aiki na."

Baba Labbo ya ce, "Kai Arzika, jakinka ka ba da aro, garmarka ka ba da aro. Halan kujera ta hi jaki?"

Aka fashe da dariya, aka ɗaga hannu, Hantsi ya zama shugaba. Ko sunan ƙungiyar bai iya faɗi ba. Aka sanar da manaja. Shi kuma ya ga ba zai jawo hayaniyar Gusau a kan mai gadi da awaki ba, ya bar maganar. Mu kuwa muka ce laya ta ci. Bayan wata guda aka mayar wa Arzika kujerarsa, amma Hantsi bai sake amsa sallamar wanda bai kira shi Ciyaman ba har ya bar duniya. Daga baya mun ara wa wani direba da ya jefa motar kamfani a rami, shi ma ya tsira. Abin ya zama al'ada, har masu laifi kan zo su kama layi tun kafin manaja ya ji labari.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ita ce kuma mummunar shekararmu. Ruwa ya ɗauke da wuri, tsutsa ta ci abin da ya rage, masaƙun da ke sayen dilolinmu suka fara ja da baya. Sai a wuni inji bai tashi ba. Ni da Baba Labbo muna wasa zarton da ba abin da zai gurza, don kada manaja ya gan mu zaune. Alhaji Garba kuwa ya shiga sabon yayi da ƙarfinsa. Wando ya ɗage, gemu ya sauko, tasbaha ta yi tsawo. Ya sa a riƙa kashe inji tun kafin kiran salla a daɗe ba a tayar ba, muka yi ta sa masa albarka, sai daga baya muka gane man dizal ne yake tattali. Kowa ya san za a rage ma'aikata, kuma Arzika na ta kai da kawowa ofis a kan kada a taɓa masu iyali da tsofaffin hannu.

Ana cikin haka Nomau ya jawo mana magana. Nomau shi ne mai injin matse dila, ƙato, mai ƙarfin mutum biyu, kuma in yana cikin hankalinsa ba mai ɗaure dila kamarsa. Matsalarsa kwalba. Da aka rufe wuraren sha a gari, sai ya gano wani ƙauye bayan Zurmi inda ake dafa abin a ɓoye. Wata safiya ya zo aiki yana tangaɗi, ya saki matsi helma, yaron da ke taya shi, na gyara wayar ɗauri, saura kaɗan hannun helma ya tafi cikin dila. Ba a gama wannan ba, ranar kasuwar Zurmi 'yan agaji suka kama shi yana warin giya. Alƙali ya yanke masa bulalar haddi, aka yi masa a bainar jama'a. Alhaji ya tsaya a tsakar gidan gurza ya ce ba zai ci abinci da mashayi ba.

Nomau na da tsohuwa da ɗaki cike da 'ya'ya, gonarsa kuma ya daɗe da sayarwa. Ya zo gindin tsamiya ya durƙusa, ko jingina ba ya iyawa saboda bayansa. Ba wanda ya tsaya tunani, aka ce a ara masa kujera.

Arzika ya ce, "Bana ba awa bara ta ba. Ina tsakiyar magana da mutanen ga. In nis sauka yanzu, wa ka tsayawa?"

Aka ce ai kwana kaɗan ne. Ya dubi Nomau a durƙushe, ya yi tari, ya ce to. Da aka kai wa Malam Isuhu labari, ya yi murmushi ya ce Allah ya taya riƙo. Ni dai ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

Ka'ida ce in za a rage ma'aikata a sanar da ƙungiya. Sai aka kira sabon shugaba ofis, aka ba shi kujera mai laushi da lemun kwalba, aka rufe ƙofa, daga shi sai Alhaji sai manaja. Ya fito bai dubi kowa ba. Washegari Arzika ya zo aiki aka tare shi a bakin ƙofa, aka ce aiki ya ragu, kuma ƙungiya ta amince. Nomau kuwa yana nan a kan injinsa. Da aka tuna wa Alhaji maganar da ya yi a tsakar gida, ya ce ai Allah na karɓar tuba, shi wane ne da zai ƙi. Ya samu shugaban da ba ya iya ɗaga kai, ina zai sake shi.

Ranmu ya ɓaci ƙwarai, kuma kunya ta fi ɓacin ran yawa. Muka fara rugawa wurin alƙali, don a shekarar komai can ake kaiwa, daga rikicin gado har na kaza. Ya saurare mu da kyau ya ce wannan ba huruminsa ba ne, mu tafi ofishin ƙwadago a Gusau. Ni da Baba Labbo muka raka Arzika. Da muka ba jami'in da muka tarar labarin aron kujera, ya cire tabarau ya yi dariya har da hawaye, ya kira na ofishin kusa ya ce mu maimaita.

Da ya nutsu ya yi mana bayanin da ya kamata mu ji tun farko. Ya ce doka ba ruwanta da kujera, dalilin kora take dubawa. Ba a korar ma'aikaci, shugaba ne ko mabiyi, saboda ya shiga ƙungiya ko ya yi mata aiki. Amma shugaban da ya yi barci a bakin gadi ko ya zo aiki a buge, ana korarsa kamar kowa. Hantsi da direba ba doka ce ta cece su ba, ƙyuyar manaja ce. Shi kuma Arzika har yanzu doka na tare da shi, in dai za a nuna don aikin ƙungiya aka kore shi. Sai dai kamfani ya ce aiki ne ya ragu, shekarar kuma kowa ya ga yadda take, ga shugaban reshe ya amince. Ya ce, "Akwai wanda ya ji ainihin dalilin daga bakinsu?" Mutum guda ne ya shiga ofishin nan, kuma bakinsa na cikin aljihun Alhaji.

Aka sa ranar zaman sulhu. Kafin ranar Nomau ya daina zama da mu. In ya hango Arzika sai ya sauya hanya. Ba wanda ya je roƙonsa. Arzika ya hana, ya ce mutum mai tsohuwa a ɗaki ba a matsa masa. Shi da kansa ya fara tambayar masu motocin Shinkafi ko suna neman mai lodi, da wannan ƙirjin nasa.

Ranar zaman mu muka shiga motar haya, Nomau kuwa a motar kamfani aka kai shi, gidan gaba, cikin sabuwar shadda da har yanzu ba ta saki karin guga ba. Lauyan Alhaji ya yi magana mai tsawo a kan tsutsa da ruwan sama da halin masaƙu, duk kuma gaskiya ne. Malam Isuhu ya ce Arzika ɗan'uwa ne, rabuwa da shi ta yi masa ciwo. Sannan jami'in ya juya ya ce, "Shugaban reshe, kai aka sanar. Ragin aiki ne ya sa aka sallami wannan mutum?"

Nomau ya miƙe, ya daɗe yana duban hularsa a hannu. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ba shugaba na ba. Aro anka ba ni."

Lauya ya yunƙura, jami'in ya ɗaga masa hannu.

Nomau ya ce, "Randa anka kira ni ohis, Alhaji da bakinai yac ce tun randa Arzika yat tsai da inji kan ƙyallen hanci shika jiran shi sauka kujera. Yac ce in ce aiki na yar ragu, shi ko shi bar ni ga aikina. Ga manaja nan, shi yab buɗe man lemu."

Jami'in ya ce, "Ka san abin da wannan magana za ta jawo maka?"

Ya ce, "Na sani. Bulala na sha gaban kasuwa, ban mutu ba. Amma ɗiyan Arzika kullum sahe sai sun durƙusa sun gaishe ni. Wanga ba ni iyawa."

Lauyan ya ja Alhaji waje. Ba mu ji abin da suka ce ba, mun dai ga tasbaha na ta kaɗawa ta taga. Da suka dawo aka ce an samu kuskure, Arzika ya koma bakin aikinsa. A hanyar dawowa Nomau a motar haya ya zauna tare da mu, an matse shi a baya da sabuwar shaddarsa, kusa da buhun albasa.

Aka mayar wa Arzika kujerarsa, mako bai cika ba aka sallami Nomau. Dalilin da aka bayar shi ne zuwa aiki a buge da sakin matsi a kan hannun helma, abin da ya faru tun kafin aro, a gaban idon kowa. Arzika ya shiga ofis ya yi magana har murya ta dushe. Malam Isuhu ya ce masa cikin sanyin nan nasa ya nuna masa inda doka ta hana. Ya koma Gusau, jami'in ya ce ya sani sarai ramuwa ce, amma laifin na gaske ne, helma kuma na nan da shaidarsa, ba inda za a kama. Da muka taru a gindin tsamiya wani ya buɗe baki zai ce a sake ara wa Nomau kujera, ya dubi fuskokin mutane ya haɗiye.

Ranar da zai tafi ana shirin tayar da inji, don an samu 'yar auduga daga Moriki. Ya fito da ƙunshin kayan aikinsa a kafaɗa, muka raka shi bakin ƙofa. Arzika ya riƙe hannunsa yana neman abin da zai ce, tari ya hana shi.

Nomau ya ce, "Kai dai duba kayanka, kujerag ga da kab ba ni aro. Na maido ma lahiya, ban yage ba, ban ɓata ba."

Ya gyara ƙunshinsa ya nufi tasha, yana tafiya a ɗan karkace don bayansa bai gama warkewa ba.